2,147,483,647: Lambar da ta gagari rabo

 Wannan shirinmu ne na ilimin lissafi. Wanda yake gida ya jawo takarda da biro. Wanda yake shago, bayan kwalin sabulu ma ya wadatar. Direban da ke kan hanya kuwa, malam, bar hannunka a kan sitiyari, kunnenka kawai muke buƙata.

Yau lamba ɗaya tak za mu yi wa zama. Zan karanto ta a hankali, ku rubuta. Biyu. Ɗaya, huɗu, bakwai. Huɗu, takwas, uku. Shida, huɗu, bakwai. Bari in sake. Biyu. Ɗaya, huɗu, bakwai. Huɗu, takwas, uku. Shida, huɗu, bakwai.

Ku ƙirga, za ku ga gurbi goma ne. Abin da kuka rubuta shi ne 2,147,483,647. Biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai.

Yaya girmanta yake? A ce mutum ya zauna yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, kowane sakan lamba ɗaya. Ba barci, ba cin abinci, ba hutu. Sai ya shekara 68 kafin ya iso inda take. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar da aka fara ƙirgar, kafin a gama ya yi furfura, ya ga jikoki. Ku riƙe wannan shekara 68 ɗin, za mu sake cin karo da ita.

Na san akwai waɗanda da sun ga lamba mai tsawo haka sai gabansu ya faɗi. To, masana lissafi ba tsawonta suke kallo ba. Tambayoyi suke yi mata, irin waɗanda ake yi wa bakwai ko goma sha biyu. Daga amsoshin ake gane halinta da danginta. Mu ma abin da za mu yi ke nan.

Zango na farko, tambayoyin da kowa zai iya yi a gida.

Tambaya ta ɗaya: cika ce ko mara? Wato idan aka raba ta biyu, tana rabuwa daidai ko ɗaya na saura? Ba sai kun yi dogon lissafi ba. Ku dubi gurbin ƙarshe kawai. Bakwai ne. Duk lambar da ta ƙare da ɗaya, uku, biyar, bakwai ko tara, mara ce. Lambarmu mara ce. Biyu ba ta raba ta.

Tambaya ta biyu: biyar fa? Lambar da biyar ke rabawa dole ta ƙare da sifili ko biyar. Tamu da bakwai ta ƙare. Biyar ma ta fita.

Tambaya ta uku: uku fa? Nan akwai dabara mai daɗi, ɗalibai ku kasa kunne. A tara alƙaluman lambar gaba ɗaya. Biyu da ɗaya, uku. Da huɗu, bakwai. Da bakwai, sha huɗu. Da huɗu, sha takwas. Da takwas, ashirin da shida. Da uku, ashirin da tara. Da shida, talatin da biyar. Da huɗu, talatin da tara. Da bakwai, arba'in da shida. Jimla 46. Uku tana raba 46? A'a. Tana raba 45, ɗaya ya saura. To haka ita ma uwar lambar, idan aka raba ta gida uku, ɗaya zai saura. Tara ma haka, ɗaya zai saura.

Wanda yake da kalkuleta mai ɗaukar gurbi goma, ya gwada bakwai. Ɗaya zai saura. Ya gwada goma sha ɗaya. Ɗaya zai saura. Ya gwada talatin da ɗaya. Nan ma ɗaya zai saura.

Yanzu ku kawo dabino a ranku. Uwa tana da dabino goma sha biyu. Za ta iya raba wa yara biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa, ba rigima. Amma idan dabinon goma sha uku ne, ta shiga uku. Yara biyu, ɗaya ya saura. Yara uku, ɗaya ya saura. Yara biyar, uku ya saura. Hanya biyu ce kawai: ko yaro ɗaya ya kwashe duka, ko a tara yara goma sha uku kowa ya ɗauki ɗaya. Irin wannan lamba a aji malamai suna ce mata firam. Mu a wannan shiri za mu ce mata gagara-rabo. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, duk gagara-rabo ne. Babu mai raba su sai ɗaya da su kansu.

To ga babban labarin yau. Lambar nan tamu, duk tsawonta, gagara-rabo ce. Na sake faɗa. A cikin lambobi sama da biliyan biyu da ke ƙasa da ita, babu mai raba ta ba tare da saura ba, sai ɗaya kaɗai.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabtanta. A cire mata ɗaya, a sami 2,147,483,646. Wannan rabuwa take yi ta ko'ina: biyu, sau uku, sau uku, sau bakwai, sau sha ɗaya, sau 31, sau 151, sau 331. Kun ga dalilin da ya sa ɗazu muke ta samun saura ɗaya. Maƙwabciyar ce ke rabuwa, tamu kuma ta ɗara ta da ɗaya. A ƙara mata ɗaya kuma, a sami 2,147,483,648. Ita wannan ba komai a cikinta sai biyu. A raba ta biyu, a sake raba rabin biyu, a yi ta yi, sai an yi sau 31 a iso kan ɗaya, ba a taɓa samun saura ba. Lambobi uku a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowacce da halinta.

Zango na biyu, danginta. A nan yatsunku nake so ku ara mini.

Ku ɗaga hannu ɗaya. Babban yatsa mu ba shi ɗaya. Manuni mu ba shi biyu. Na tsakiya, huɗu. Na kusa da ƙarami, takwas. Ƙaramin yatsa, sha shida. Kowane yatsa ya ninka na bayansa. Yatsan da ke miƙe ana lissafa shi, wanda ke lanƙwashe ba a lissafa shi.

Ku nuna mini uku. Babban yatsa da manuni, ɗaya da biyu. Ku nuna mini goma. Manuni da na kusa da ƙarami, biyu da takwas. Ku nuna mini sha bakwai. Babban yatsa da ƙarami. Babu lambar da ba za ku iya nunawa ba daga sifili har zuwa inda hannu ya cika. Yanzu ku miƙe duka biyar. Ɗaya da biyu, uku. Da huɗu, bakwai. Da takwas, sha biyar. Da sha shida, talatin da ɗaya. Hannu ɗaya, 31. Da akwai yatsa na shida, 32 zai ɗauka. Saboda haka cikar hannu kullum ita ce ninki na gaba, a cire ɗaya.

To a ce mutum uku sun haɗa hannuwansu, yatsu talatin, na huɗu ya ba da aron yatsa ɗaya. Yatsu 31 ke nan, kowane yana ninka na bayansa. Yatsan ƙarshe shi kaɗai zai ɗauki 1,073,741,824. Idan aka miƙe su duka, jimlar ita ce lambarmu. Wato a jera biyu guda 31, a ninka su da juna, a cire ɗaya. Wannan shi ne asalinta.

Lambobin da ake samu ta wannan hanya suna da suna. Ana kiran su lambobin Mersenne. Marin Mersenne malamin addinin Kirista ne Bafaranshe, an haife shi a 1588, ya rasu a 1648. Mutum ne mai yawan wasiƙa, yana haɗa masanan Turai na zamaninsa da juna. Tambayar da ta dame shi ita ce: a cikin waɗannan lambobi, waɗanne ne gagara-rabo?

Mu duba. Yatsa biyu, uku. Gagara-rabo ce. Yatsa uku, bakwai. Ita ma. Yatsa huɗu, sha biyar. A'a, uku sau biyar ce. Yatsa biyar, 31. Gagara-rabo. Yatsa shida, 63. A'a. Yatsa bakwai, 127. Gagara-rabo. Sai mutum ya ce, ai na gano sirrin: idan adadin yatsun gagara-rabo ne, jimlar ma gagara-rabo ce. Rabin maganar gaskiya ne. Dole adadin yatsun ya zama gagara-rabo, wannan sharaɗi ne. Amma bai wadatar ba. A gwada yatsa sha ɗaya, a sami 2,047. Ku ninka 23 da 89 a takardarku. Za ku sami 2,047. Ta rabu. Wannan darasi ne da nake so kowane ɗalibi ya riƙe: abu ya yi daidai sau huɗu ba ya nufin zai yi daidai na biyar. A lissafi hujja ake nema.

A 1588 wani masani ɗan Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar da ta yatsa 17 da ta yatsa 19, wato 131,071 da 524,287. A 1644 Mersenne ya fitar da jerinsa, ya ce ta yatsa 31 ma tana ciki, da ta 67, da ta 127, da ta 257. Bai kawo hujja ba. Daga baya aka gano ya yi kuskure a kan 67 da 257, kuma ya tsallake 61, 89 da 107. A kan 31 ya dace. Sai dai an yi shekara 128 kafin a sami wanda ya tabbatar.

Lambarmu ita ce ta takwas a wannan dangi. Kuma tana da wata daraja ta daban. Adadin yatsunta, wato 31, shi ma ɗan dangin ne, cikar hannu ɗaya ce kamar yadda kuka gani. Mersenne a kan Mersenne ke nan. Irin waɗannan guda huɗu kacal aka sani a duniya: bakwai, 127, tamu, da wata mai gurbi 39 wadda Bafaranshe Édouard Lucas ya tabbatar a 1876.

Idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan 2,147,483,647. Mun ce mara ce. Mun ce gagara-rabo ce. Mun ce 'yar dangin Mersenne ce. Yanzu zango na uku: wa ya tabbatar, kuma ta yaya?

Sunansa Leonhard Euler, ana furta shi Oila. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1707. Mafi yawan aikinsa a Balin da San Fitasbag ta ƙasar Rasha ya yi shi, a can Rashan ya rasu a 1783. Tun yana matashi idonsa na dama ya lalace. Daga baya yana ya rufe na hagu. Zuwa 1771 kusan ba ya gani sam. A wannan shekarar kuma gobara ta cinye gidansa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1772, ya aika wasiƙa ga ɗaya daga cikin masanan gidan Bernoulli, ya sanar da shi cewa lambar nan gagara-rabo ce.

Jama'a, ku tsaya ku auna. Babu kwamfuta. Babu kalkuleta. Babu ido. Lissafi yake yi a ka, yana faɗa, 'ya'yansa da mataimakansa suna rubutawa. Ta yaya zai gwada lambobi biliyan biyu? Bai gwada su ba. Rage aikin ya yi, mataki-mataki. Wannan ragewar ita ce lissafin, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Mataki na farko. Ku ɗauki 36. Biyu sau sha takwas. Uku sau sha biyu. Huɗu sau tara. Shida sau shida. Daga nan fa? Tara sau huɗu, wadda mun riga mun gani, juyawa kawai ta yi. Masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa, ƙarama da babba. Idan ka nemi ƙananan ba ka samu ba, babu manyan. Iyakar nema ita ce lambar da idan an ninka ta da kanta ta kai uwar lambar. A wajen lambarmu, 46,341 sau 46,341 ya riga ya wuce ta. Saboda haka daga biliyan biyu aiki ya dawo dubu arba'in da shida da 'yan kai.

Mataki na biyu. Ba sai an gwada shida ba idan biyu da uku sun kasa. Gagara-rabo kawai ake gwadawa. A ƙasa da 46,341 akwai su kusan dubu huɗu da ɗari takwas. Aiki ya ƙara raguwa, amma har yanzu da yawa ga mai yi da hannu.

Mataki na uku ya fito ne daga wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, abokin wasiƙar Mersenne. Tun a 1640 ya lura da wata ƙa'ida. Ba kowace lamba ce ke iya raba 'yar dangin Mersenne ba. Idan adadin yatsun gagara-rabo ne kuma mara, a ninka shi biyu. Duk mai rabawa, idan aka cire mata ɗaya, dole wannan ninkin ya raba ta. Mu gwada da yatsa sha ɗaya. Ninkinsa 22. Masu raba 2,047 su ne 23 da 89. A cire wa 23 ɗaya, 22. A cire wa 89 ɗaya, 88, wato 22 sau huɗu. Ƙa'ida ta zauna. A wajen lambarmu ninkin 31 shi ne 62. Don haka masu neman shiga su ne 63, 125, 187, 249, 311, haka dai, ana ƙara 62 kowane lokaci. Yanzu ba su kai ɗari takwas ba.

Mataki na huɗu na Oila ne da kansa. Ya nuna cewa duk gagara-rabon da za ta raba irin wannan lamba, idan aka raba ta da takwas, saurar ɗaya ce ko bakwai. Ku duba 23: takwas sau biyu sha shida, saura bakwai. Ku duba 89: takwas sau sha ɗaya 88, saura ɗaya. Da wannan rabin masu neman shiga suka faɗi. Suka koma ba su kai ɗari huɗu ba. A cikinsu ma da yawa ba gagara-rabo ba ne, kamar 63 da 249, sai a tsallake su. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311.

Daga biliyan biyu zuwa dubu arba'in da shida. Daga nan zuwa ƙasa da ɗari huɗu. Sannan aka zauna aka raba, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta bar saura. A lokacin babu gagara-rabon da aka sani da ta kai ta girma, kuma ta riƙe wannan matsayi har cikin ƙarni na 19.

Zango na huɗu gajere ne, amma tsoho ne ƙwarai. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida uku. A ɗauki lamba, a tara duk masu raba ta, ban da ita kanta. Takwas: ɗaya, biyu, huɗu, jimla bakwai. Bai kai takwas ba, sai a ce mai giɓi ce. Goma sha biyu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida, jimla sha shida. Ya wuce, sai a ce mai rara ce. Shida: ɗaya, biyu, uku, jimla shida cif. Wannan ita ce kammalalliya. Haka 28: ɗaya, biyu, huɗu, bakwai, sha huɗu, jimla 28. Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, shi ya rubuta wannan kasafi wajen shekara ta 100 miladiyya. Sabit ibn Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9.

Lambarmu a wane gida take? Mai raba ta ɗaya ne kawai. Jimla ɗaya. Mai giɓi ce, giɓin da ba a iya wuce shi. Amma kuma ita ce ke haifar da kammalalliya. Iƙlidis na Iskandariya, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya bayar da hanyar. Idan cikar yatsu ta zama gagara-rabo, a ninka ta da lambar yatsan ƙarshe. Ɗaya, biyu, huɗu, jimla bakwai, sau huɗu, 28. Hannu ɗaya, 31 sau sha shida, 496. Tamu kuma, sau 1,073,741,824, ta ba da kammalalliya ta takwas, mai gurbi 19: 2,305,843,008,139,952,128. Oila ya tabbatar cewa duk kammalalliyar da take cika, ta wannan hanya kaɗai take fitowa. Kammalalliya mara kuwa, shekara sama da dubu biyu ana nema. Ba a samu ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ba.

A 1811 wani masanin lissafi a Ingila, Peter Barlow, ya bayyana ra'ayinsa cewa ba za a taɓa gano kammalalliyar da ta fi wannan ba. Dalilinsa shi ne irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai, ba su da amfani, don haka ba wanda zai wahalar da kansa. A duka biyun bai dace ba. A 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar da ta yatsa 61. Nema bai tsaya ba har yau. A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano ta 52 da aka sani a dangin, mai gurbi 41,024,320. Batun amfani kuwa, shi ne zangonmu na ƙarshe.

Zango na biyar, lambar nan a cikin na'ura.

Kwamfuta da wayar hannu ba da goma-goma suke ƙirga ba. Da irin yatsun nan namu suke ƙirga, miƙe ko lanƙwashe, akwai wuta ko babu. Shekaru da yawa tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a ware gurbi 32 don ajiye lamba ɗaya. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar sama take da sifili ko ƙasa, kamar riba da bashi. Saura 31. Cikarsu kuwa kun san ta: 2,147,483,647. Ita ce rufin ɗakin. Ba a wuce ta.

Idan aka ƙara ɗaya fa? Ku tuna mitar babur. Idan ta kai tara, tara, tara, tara, tara, aka ƙara tafiya kaɗan, sai ta koma sifili. Na'ura ma juyawa take yi, sai dai ita can ƙasa da sifili take faɗawa, ta nuna bashin 2,147,483,648.

Abin ya sha faruwa. A watan Disamban 2014 YouTube suka sanar cewa waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ta wuce wannan adadi na kallo, kuma sun faɗaɗa ma'ajin ƙirgarsu zuwa gurbi 64. Wannan mai sauƙi ne. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi a kan jirgin Boeing 787. Ta ce idan aka bar na'urorin da ke kula da janaretocinsa a kunne kwana 248 ba a kashe ba, wutar jirgin na iya ɗaukewa. Masu nazari suka buga lissafi. Idan agogo yana ƙirga sau ɗari a kowane sakan, zai cika lambarmu a kwana 248 da rabi. Aka umarci kamfanoni su riƙa kashe wutar suna kunnawa kafin a gyara manhajar.

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja, wannan naku ne. Lambar waya a Najeriya tana da gurbi 11. A cire sifilin farko, abin da ya saura ya kai biliyan bakwai, ko takwas, ko tara. Ya fi ƙarfin gurbi 32. Lambar NIN da ta BVN ma gurbi 11 ne. Kada ku ajiye su a matsayin lambar lissafi, ku ajiye su a matsayin rubutu. Idan kuma kuɗi kuke ƙirgawa kwabo-kwabo, rufin yana kan Naira 21,474,836 da kwabo 47. Ɗan kasuwar hatsi mai matsakaicin ƙarfi ma zai iya wuce wannan.

A nan dole in raba abu biyu, don kada a cakuɗa. Zamanta rufi bai da alaƙa da zamanta gagara-rabo. Dacewa ce kawai. Rufin gurbi 64, wato 9,223,372,036,854,775,807, bakwai tana raba shi. Amma akwai inda aikin Oila yake shiga na'ura kai tsaye. Sau da yawa ana so kwamfuta ta fitar da lambobi barkatai, kamar ƙuri'a, don wasanni ko gwaje-gwajen kimiyya. Wata sananniyar hanya ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da 16,807, a raba da lambarmu, a riƙe saurar. Sai a maimaita da saurar. Idan aka fara da ɗaya, za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Masu bincike a kamfanin IBM suka kawo ta a 1969, Stephen Park da Keith Miller suka ƙara yaɗa ta a 1988. Saboda lambarmu gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kula, jerin ba ya faɗawa kan sifili, ba ya kuma maimaita kansa sai ya zaga lambobi 2,147,483,646 duka.

Yanzu shekara 68 ɗin nan. Kwamfutoci da yawa suna sanin lokaci ne ta hanyar ƙirga sakan tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970. Waɗanda ke ajiye ƙirgar a gurbi 32 za su cika ranar Talata, 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14 da sakan bakwai agogon GMT. A Kano da Damagaram ƙarfe 4:14 na dare ke nan, gab da asuba. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ana cikin Disamban 1901.

Kada hankalin kowa ya tashi. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu sun koma gurbi 64, wanda zai ɗauki shekara biliyan 292. Inda ake da aiki shi ne tsofaffin na'urorin da ke maƙale a cikin injuna, a masana'antu da asibitoci da tashoshi, waɗanda ake girkawa a manta da su. Mu da muke yawan sayen kayan da aka yi amfani da su a waje, ya kamata injiniyoyinmu su fara tambayar wannan tun yanzu.

Kafin mu rabu, ga aikin gida. Za ku yi irin aikin Oila, amma ƙarami. Ku ɗauki cikar yatsa 13, wato 8,191. Iyakar nemanku 90, domin 91 sau 91 ya wuce ta. Ninkin 13 shi ne 26. Ku fara daga 27, ku riƙa ƙara 26, ku tsaya kafin ku wuce 90. Ku zubar da wadda ba gagara-rabo ba. Ku raba sauran da takwas, ku bar wadda saurarta ɗaya ce ko bakwai. Sannan ku gaya mana: rabawa nawa ta rage muku, kuma me ya saura? Iyaye, a zauna da yara a yi tare. Malaman makaranta, a kai shi aji.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, za mu fara da amsoshinku.